Waiwaye: Shekaru goma sha biyu da suka haɗiye kakannin 'yan Sikotilan

Muhawarar da ake yi tsakanin jikokin 'yan Sikotilan a Kanada da Ostireliya da Niyuzilan ba ta lafa ba. Wasu na cewa korar kakanninsu aka yi, wasu na cewa da ƙafarsu suka tafi neman arziki. Yanzu kuma ga gwajin DNA, wanda wasu ke gani shi zai raba gardama. Amma sau da yawa matsalar mai neman tarihin kakansa guda ce: ga sunan kakan a ƙidayar jama'a ta 1841, a ta 1851 babu shi, babu kabari, babu labari. Ya mutu ne, ko jirgin ruwa ya hau?

Farkon labarin sananne ne. Bayan yaƙin Culloden na 1746, inda sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe wani tawaye a Sikotilan, tsarin dangi na yankin tsaunukan arewa ya fara rushewa. A 1773 jirgin Hector ya sauke baƙi a Pictou da ke Nova Scotia, a Kanada ta yau. Daga baya aka riƙa tayar da ƙauyuka domin kiwon tumaki, sannan a 1846 cuta ta afka wa dankalin Turawa, abincin talakan yankin, yunwa ta shigo. Wannan kowa ya ji.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ranar 18 ga Mayu 1843. A ranar ce, a babban taron Cocin Sikotilan a Edinbara, limamai suka tashi suka fice, kuma daga ƙarshe fiye da 450 daga cikin kusan 1,200 suka bar cocin suka kafa sabon coci mai suna Free Church. Rigimar a kan wa ke da ikon zaɓar limamin unguwa ce, jama'ar da ke ibada ko attajirin da ya mallaki filayen unguwar. Mai karatu zai ce ina ruwan mai neman kaka da rikicin coci? Da ruwansa sosai. A wancan zamani gwamnati ba ta rubuta haihuwa ko aure ko mutuwa. Littafin cocin unguwa shi ne babbar rajista, kuma ko shi ɗin ba cikakke ba ne. Mutuwa ma a unguwanni da dama ba a rubuta ta, sai dai a ga kuɗin hayar mayafin da ake lulluɓe akwatin gawa.

To, a yankin tsaunuka da tsibirai, inda ake magana da harshen Gelik, mafi yawan jama'a sun bi sabon cocin. Littafin ya zauna a tsohon gini, mutanen sun tafi. Wasu sun yi shekaru suna ibada a fili ko a bakin teku saboda ba su da wurin gini. Mutanen ƙauyen Strontian har coci na ƙarfe mai yawo a kan ruwa suka sa aka ƙera musu, aka kafe shi a 1846 a Loch Sunart, wani reshen teku da ke kusa da su. Jama'ar da ke cikin wannan hali, wa zai tsaya adana musu littafin baftisma? Wasu limaman sun rubuta, an kuma tattara da yawa daga cikin littattafan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Edinbara. Wasu an fara su a makare, wasu sun salwanta.

Gwamnati ba ta fara rajistar dole ba sai 1 ga Janairu 1855. Daga nan takardar mutuwa a Sikotilan ta zama abin alfahari, don tana ɗauke da sunan uba da na uwa har da sunan gidan su uwar. Amma dubi tazarar: 1843 zuwa 1855, shekara goma sha biyu, kuma a tsakiyarsu yunwa ta faɗo, jirage suka yi ta kwasar mutane. A ganina nan ne ramin yake. Mutane da yawa sun fita a daidai lokacin da rubutu ya yi ƙaranci. Ƙari a kan haka, jerin sunayen fasinjojin da ke barin Birtaniya zuwa ƙasashe masu nisa da aka adana a tsare daga 1890 ya fara.

Sai kuma batun suna. Wanda ake kira Seumas a gida, James aka rubuta shi, Iain ya koma John. Ƙauye guda na iya samun Donald MacDonald biyar, laƙabi ne ke bambanta su, kuma laƙabi ba ya shiga takarda. Gwajin DNA zai haɗa ka da wani ɗan'uwa a Ontario ta Kanada, amma ba zai gaya maka wane Donald ba ne a cikin biyar ɗin.

Shi ya sa masu gogewa ke fara nema daga inda jirgi ya sauka. Ƙungiyar Highland and Island Emigration Society ta kai kusan mutum 5,000 Ostireliya tsakanin 1852 da 1857, da yawansu daga tsibirin Skye, kuma jerin sunayensu yana nan. Yankin Victoria na Ostireliya ya fara rajista a 1853, takardar mutuwarsa kuma tana tambayar inda aka haifi mamaci, da sunan iyayensa, da shekarun da ya yi a ƙasar. Sau da yawa a can ne, a bakin ɗa ko matar da ta kai rahoton rasuwar, sunan ƙauyen da aka baro ke fara bayyana a rubuce.