Waiwaye: Daga sandar fadar Ingila zuwa "gab da yunwa"

Duk lokacin da rahoton ƙarancin abinci ya fito daga Sudan ko wani yanki na Sahel, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisun hira. Rediyo ya ce mutane "na gab da faɗawa yunwa". Wani ya ce ai tun bara ake cewa suna gab, wace irin gab ce da ba ta ƙarewa? Wani ya ce tunda gab aka ce, abin bai zo ba tukuna, a kwantar da hankali. Maganar ta biyun ce ke ci mini rai, domin da ita ake kawar da kai daga mai shan wahala. Kuma ruɗanin ba yau ya fara ba, tushensa na cikin kalmar Turancin da ake fassarowa, wato verge.

Turanci na da kalmomi da dama na gefen abu. Edge asalinta kaifin takobi ne ko wuƙa, brink kuma gaɓar ruwa ce ko bakin gangare. Waɗannan biyun tun farko siririn wuri suke nufi, inda taki ɗaya ke jefa mutum ƙasa.

Verge daban take. Ta fito daga virga ta Latin, ma'ana sanda ko tsumagiya, ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci. A fadar sarakunan Ingila na dā akwai babban jami'in gidan sarki da ke riƙe sanda alamar iko, kamar dai sandar girman da muka sani a masarautunmu. Ikon wannan sanda ya game mil 12 ta kowace kusurwa daga inda sarki yake, kusan kilomita 19 ke nan. Laifin da aka yi a cikin wannan da'ira, kotun fada ce ke da hurumin sauraronsa. Sarakunan lokacin kuwa ba sa zama wuri ɗaya, yau suna wannan gari, gobe wancan, don haka da'irar na tafiya tare da su. Manomi zai kwana a gonarsa, gari ya waye ya tsinci kansa cikin hurumin fada bai ɗaga ƙafa ba, don kawai ayarin sarki ya sauka kusa.

Nan ne juyin da ba a cika lura da shi ba. Sunan sanda ya koma sunan filin da take mulka, fili mai faɗin da ke ɗauke da ƙauyuka da kasuwanni. Sai daga baya ma'anar ta zame zuwa iyakar filin, daga nan, wajen shekarun 1600, ta zama kusantar aukuwar abu. Kotun fadar an soke ta a 1849, amma faɗin bai bar kalmar gaba ɗaya ba. Har yau a Birtaniya ciyawar da ke gefen titi, inda mutum zai iya tsayawa, verge ake ce mata.

Mu kuwa "gab da" galibi lokaci take aunawa: gab da magariba, gab da sallah. Mai sauraro ya ji ta, sai ya ɗauka abin na gaba, yanzu lafiya lau. Alhali Hausa na da kalmar "baki", wadda ta fi kusa da abin da ake nufi, domin bakin daji da bakin kogi wurare ne da ake zama a cikinsu har shekaru. A ganina gaggawar ɗaukar kalma ɗaya a liƙa wa kalma ɗaya ce ta jawo wannan, sai wuri ya rikiɗe ya zama agogo.

Ma'aunin yunwa da ake aiki da shi a duniya, wanda aka fara a Somaliya a 2004, matakai 5 ne. Ba a ayyana na biyar, wato yunwar kanta, sai gidaje 20 cikin 100 sun rasa abinci ƙarƙaf, yara 30 cikin 100 na fama da tamowa mai tsanani, kuma mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa kowace rana. Mataki na huɗu, wanda galibi shi ake kira "gab", shi ne inda an riga an kai akuyar ƙarshe kasuwa, an daka irin shuka an ci, uwa na dafa ganye zalla ta ce wa yara su sha ruwa su kwanta. Ana iya shafe watanni a haka. A yunwar Somaliya ta 2011 an ƙiyasta mutuwar mutum kusan 260,000, kuma wajen rabinsu sun rasu ne tun kafin a ayyana yunwar a watan Yuli, lokacin da labarai ke cewa ana gab.