Tarayya a kan doki: abin da za a rubuta kafin a ɗaura sirdi

Mai doki harawa ta yi masa tsada, matashi yana son kilisa ba shi da kuɗin saye, sai su shirya: matashin ya kawo tasa gudummawar, ya riƙa hawa. Tambayoyin da ke biyo baya ba sa canzawa, ga amsoshinsu wuri guda.

Abokina ne tun ƙuruciya, sai mun rubuta?

Eh. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana ce ta rubuta bashi da kafa shaidu. Ku rubuta tun ana dariya.

Sai mun je wurin lauya?

Ba dole ba. Takarda, kwanan wata, sa hannunku, shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Saƙon murya a WhatsApp bai wadatar ba.

Tunda ina ciyar da shi, na zama mai rabin dokin?

A'a. Hawa ka saya, ba doki ba. Layin farko ya faɗi sunan mai shi, ya kuma fayyace ko aro ne, ko haya, ko an sayar maka da kaso.

Wa zai hau ranar sallah?

Nan ne zumunci ya fi lalacewa, kuma kusan kowa sai ya tsallake shi. Kada ku rubuta "za mu daidaita". A ambaci hawa ɗaya bayan ɗaya: a Kano, wa ke da Hawan Idi, wa ke da Daushe, wa ke da Nassarawa. Sauran shekara a raba kwanakin mako, a bar wa dokin aƙalla yini ɗaya na hutu. A rubuta ko an yarda da sukuwa ko kilisa kaɗai. A rubuta nauyin mahayi ma: abin da aka saba shawarta shi ne kada kaya ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dabbar, wato kilo 60 ga dokin kilo 300, har da sirdi da jalala. Kuru, wato ƙaramin doki, ba ya ɗaukar ƙato don kawai yana da haƙuri.

Ya za a raba kuɗin abinci?

Ko dai kuɗi tsayayye duk wata, ko kaso bayyananne na harawa, dusa, hatsi da kanwa. Doki yana cin kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a yini, mafi yawa ciyawa da harawa, ya sha ruwa lita 25 zuwa 40, fiye da haka da bazara. Mutum ɗaya ne zai tsara abincin. In kowa ya zo da mudun geronsa don nuna ƙauna, ciwon ciki ko ciwon kofato ne zai biyo baya, domin cikin doki ba ya son yawan hatsi ko canji farat ɗaya. A sa gyaran kofato duk mako 6 zuwa 8, maganin tsutsa da na kaska, da ladan mai kula da barga. Farashin harawa yana tashi da rani, don haka a sa ranar sake duba lissafi.

Idan ya gurgunce ko ya mutu a hannuna, ni zan biya?

Ya danganta, kuma kada wani ya ba ka amsa da kalma ɗaya. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda Risala ta kawo, mai aro yana lamunin abin da ake iya ɓoyewa, amma ba ya lamunin dabba sai in ya ƙetare iyaka. To linzami ko likkafa in sun ɓace, hukuncinsu daban da na dokin kansa. Wahalar tana wurin gane ƙetare iyakar. Wanda aka ce masa kilisa ya je ya yi sukuwa a kan kwalta, maganarsa a fili take. Amma dokin da ya dawo lafiya, cikin dare ya fara birgima yana waiwayar cikinsa yana tonon ƙasa, wa zai rantse daga ina ciwon ya fito? Yana iya zama hatsin jiya, ko yashin da ya daɗe yana haɗiya a gindin turke, ko tsutsa.

Shi ya sa takardar za ta lissafa abin da kuka ɗauka sakaci ne: wuce nisan da aka yarda, hawa yana ɗingishi, ba wani ya hau, barin sa ba ruwa, jinkirin sanarwa. Kafin a fara, likitan dabbobi ya duba shi, a ɗauki hoton ƙafafu huɗu, da gadon baya, da duk wani tsohon tabo, a rubuta ƙimarsa ta ranar. A ba mahayi izinin kiran likita cikin gaggawa in wayar mai doki ba ta shiga, tare da iyakar kuɗin da zai kashe. Sharaɗin "kome ya same shi kai za ka biya" kuwa, malamai suna da magana a kansa, a kai shi gaban malami ko lauya kafin a sa hannu. Kwantar da hankalinka: in ka tsaya kan abin da aka rubuta, ka kuma sanar da wuri, da wuya a ɗora maka abin da ba ka jawo ba.

Zan iya ba da shi haya don hawan angwanci?

Da dokin wani? A'a, sai da izini a rubuce, da bayanin wanda zai karɓi kuɗin.

Goɗiya ce, in ta haihu fa?

Ɗan na mai ita ne, sai in an rubuta wani abu daban tun kafin barbara.

In ya harbi yaro ko ya yi ɓarna a gonar mutane?

A rubuta cewa wanda dokin ke hannunsa a ranar shi zai fara amsawa. Mai doki kuma ya faɗi gaskiya: in yana cizo, ko yana firgita da ƙarar bindiga, a sa a takarda. Ɓoye wannan zalunci ne.

Ya ake rabuwa?

Ku fara da gwajin wata ɗaya. Bayan nan, mai son fita ya ba da sanarwar kwana 30, haka ma in za a sayar da dokin. Mai shi yana iya karɓe abinsa nan take in ya ga rama ko gyambon sirdi, sannan ya mayar da ragowar kuɗin watan.