Raba titin mota da layin dogo

Raba titin mota da layin dogo aiki ne da ake yi a inda titi ya gitta hanyar jirgin ƙasa: a ɗaga titin sama da gada, ko a nutsar da shi ya bi ta ƙarƙashi, kowa ya kama hanyarsa babu jiran wani. Inda ba a raba ba, sai dai sanda ko ƙofa da mai gadi riƙe da jar tuta, yana tare motoci har jirgi ya wuce.

Layin da ya ratsa Bauchi da Gombe daga Kuru ya taso, kusa da Jos. Ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya dire Maiduguri a 1964. Ƙaramin layi ne mai faɗin milimita 1,067. Tun daga lokacin garuruwan biyu suka bunƙasa har suka rungume shi, ga tirelolin siminti daga Ashaka, ga Keke Napep da acaba. An daɗe jirgi ba ya bi a kai a kai, mutane sun saba ƙetarawa ba waiwaye. A 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri, don haka yanzu ne ya kamata a tsara mahaɗun, tun kafin ƙahon jirgi ya dawo.

Dole mota ce za ta jira. Jirgi ba ya kaucewa, kuma ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta kama birki da wuri. Jirgin kaya mai gudu yakan ci kilomita ɗaya ko fiye kafin ya tsaya. Cunkoson kuma ya fi tsawon rufewar ƙofa. A ɗauka an rufe minti 3, motoci 20 na isowa kowane minti: 60 sun taru ke nan. In an buɗe, 30 na wucewa a minti alhali 20 na ƙaruwa a baya, sai an ƙara minti 6 kafin hanya ta sarara. In masu Keke suka cika hannun da ba nasu ba ta ɓangarorin biyu, aka yi gaba da gaba a kan layin, lissafin ma ya rushe.

Titi ake motsawa, ba layi ba, domin jirgi da ƙyar yake hawan gangaren da ya wuce mita 1 ko 2 a cikin 100, mota kuwa tana hawan mita 5. Gadar sama tana buƙatar sarari kamar mita 6 zuwa 7 daga kan layi zuwa cikinta. A haɗa da kaurin gadar, titin ya tashi wajen mita 8, wato hawa mai tsawon mita 160 ta kowane gefe, ban da lanƙwasar sama da ta ƙasa. Duk shagon da ke wannan tsakanin zai koma ƙarƙashin bango, shi ya sa maganar diyya da hanyar gefe take zuwa kafin kankare. Haka kawar da bututun ruwa da turakun lantarki.

Hanyar ƙarƙashi ta fi gajarta, tunda mota sarari mita 5 da ɗoriya take nema. Amma rami ne, ruwa kuwa rami yake nema. A Gombe, inda ƙasa ke da yashi, ruwan Yuli da Agusta ke gangarowa da ƙarfi har yana yanka kwari a cikin unguwanni, ramin sai ya zama tafki cikin 'yan mintoci. Yana buƙatar rijiyar tara ruwa, injin ja aƙalla biyu da janareta, da mai kwashe yashi da leda daga bakin magudana duk mako. Ranar da ɗaya ya gaza, hanya ta rufe. A irin wannan wuri gadar sama ta fi kwanciyar hankali. A Bauchi matsalar dutse ce: yana kusa da fuskar ƙasa a wurare da yawa, yana riƙe ginshiƙi da kyau, amma haƙa rami a cikinsa sai da nakiya, ga gidaje a kusa.

Aibin da aka fi gani a gada shi ne tuntuɓe a bakinta. Ginshiƙi ba ya nutsewa, cikon ƙasar da ke bayansa kuwa yana lotsawa idan an jibge shi gaba ɗaya. Ƙa'ida ita ce a zuba marmara kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daɓe da rola, a gwada, sannan a ƙara wani. Kankare yana son kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka auna masa, kuma a zafin Maris da Afrilu sai ana jiƙa shi, in ba haka ba ya tsattsage.

Mai tura amalanke, mai ruwa da kurarsa, da makiyayi da shanunsa ba za su hau gangaren mita 160 ba. In ba a yi musu matakala ko ƙaramar mashiga a kusa ba, kafin wata ya zagayo sun huda katangar da aka toshe tsohuwar mahaɗa da ita, sun koma bin kan layi, wannan karon ba mai gadi ba tuta.