Saita Adireshi da Ƙa'idojin Sadarwa a Suwic Mai Karɓar Umarni

Suwic mai karɓar umarni na'ura ce da ke haɗa kwamfutoci a cikin sadarwa guda, kuma tana ba mai kula damar shiga ya tsara yadda kowace mashigar kebul za ta yi aiki. Da adireshin MAC, wato lambar shaida da kowace na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta, take isar da bayanai tsakanin na'urori, don haka ko ba ta da adireshin IP, wato wanda ake ba na'ura a cikin sadarwa, aikin zai tafi. Amfanin IP a wurinta shi ne a iya gudanar da ita daga nesa.

Karon farko ana shiga ne ta mashigar konsol, inda ake jona kwamfuta kai tsaye da kebul don yin saiti, galibi a saurin bit 9600 a daƙiƙa, bit 8 na bayanai, babu fariti (bit na binciken kuskure), bit 1 na tsayawa. Idan allo ya cika da baƙaƙe marasa ma'ana, saurin ne bai dace ba. A suwic ɗin Cisco, bayan an shiga yanayin saiti, ana rubuta "interface vlan 10", sai "ip address 192.168.10.2 255.255.255.0", sai "no shutdown". Daga nan a koma baya a sa "ip default-gateway 192.168.10.1", wato adireshin rawuta, na'urar da ke haɗa rukunin sadarwa ɗaya da wani. Wanda ya tsallake wannan zai ga suwic na amsawa daga cikin rukuninta, amma shiru daga wani rukunin, domin ba ta san hanyar mayar da amsa ba. Adireshi tsayayye ya fi na DHCP (tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa) dacewa a nan, kuma a zaɓe shi a wajen jerin da DHCP ke rabawa, kada na'urori biyu su yi karo.

A VLAN, wato rukunin mashigun da aka ware su yi aiki kamar sadarwa ta daban, aka fi samun matsala. Ƙa'idar IEEE 802.1Q tana liƙa alama mai bayit 4 a jikin firem, wato ƙunshin bayanai, don nuna VLAN ɗinsa, lambobin VLAN da ake amfani da su kuwa daga 1 ne zuwa 4094. Adireshin gudanarwa ba zai tashi ba sai an ƙirƙiri VLAN ɗinsa, kuma akwai aƙalla mashiga ɗaya mai aiki da ke ɗauke da shi. Haka kuma idan kebul ɗin da ya haɗa suwic biyu bai halatta wa VLAN 10 wucewa ba, mai kula zai toshe wa kansa hanya, sai ya tashi ya je da kebul ɗin konsol. Barin gudanarwa a VLAN 1 sakaci ne, tunda a nan kowace mashiga take tun daga masana'anta.

Ƙa'idar STP, wadda Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, ita ke hana bayanai zagayawa ba iyaka idan hanya fiye da ɗaya ta haɗa suwic biyu. Tsohuwar sigarta takan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ta buɗe sabuwar hanya; sabuwar sigar, RSTP ta 2001, ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Lambar fifiko ta asali 32768 ce, ana rage ta da ninkin 4096 ga suwic ɗin da ake so ta zama tushe, wato wadda STP ke lissafa hanyoyi daga gare ta. In ba a yi ba, mai ƙaramin adireshin MAC ce za ta ci zaɓen, sau da yawa tsohuwa mara ƙarfi.

Telnet, hanyar shiga na'ura daga nesa, na aika kalmar sirri a fili, shi ya sa ake kashe shi a kunna SSH mai ɓoye bayanai a mashiga ta 22 (lambar manhaja ce, ba mashigar kebul ba). SNMP ma, wanda ake sa ido kan na'urori da shi, sigarsa ta 3 ce kawai ke ɓoye bayanai. NTP kuma yana daidaita agogo don rahotannin kuskure su zo da lokacin gaskiya. Duk saitin nan yana cikin ma'adanar wucin gadi ne har sai an rubuta "copy running-config startup-config". Idan wuta ta ɗauke kafin nan, an koma gidan jiya.