Fumfunar da ke zaune a saiwar tsiro: yaya ta rabu gida-gida?

Wace fumfuna ce wannan, kuma me take nema a saiwa?

Dangin fumfuna da laimar kwaɗi ce, sai dai jikinta zare ne siriri ƙwarai da ke ratsa ƙasa. Tana kutsawa inda saiwa ba ta iya kaiwa, ta kwaso fosfaras da naitirojin da ruwa ta miƙa wa tsiro, shi kuma ya biya ta da sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Albert Bernhard Frank, shi ya raɗa wa wannan zama suna maikoriza a 1885, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin fumfuna da saiwa.

Tun yaushe suke tare?

Tun kafin saiwa ta zama saiwa. A duwatsun Rhynie da ke Sikotilan an sami tsirran da suka zama dutse shekara kusan miliyan 407 da suka wuce, ba su da saiwa ta gaske, amma ga fumfunar a cikin jikinsu, da siffar da ake ganinta da ita yau. Shi ya sa masana da yawa ke ganin da taimakonta tsirrai suka iya zama a doron ƙasa bayan fitowarsu daga ruwa.

Iri ɗaya ce duka?

A'a. Manyan gidaje biyu ne. Tsohon gidan, wanda ake kira Glomeromycota, yana shiga har cikin ƙwayoyin halittar saiwa, ya yi rassa kamar ƙaramar bishiya, a nan ake musayar. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na ire-iren tsirrai da shi suke hulɗa, amma nau'o'insa da aka tantance ba su wuce ɗari uku da 'yan kai ba. Gida na biyu ba ya huda ƙwayar, yakan lulluɓe bakin saiwa kamar safa, ya ratsa tsakanin ƙwayoyin. Abokan zamansa kashi 2 ne kacal na ire-iren tsirrai, irin su fain da bishiyar turare da doka, amma fumfunarsa ta kai nau'i wajen 20,000. Kada ƙarancin abokan ya ruɗe ka: an ƙiyasta kusan kashi 60 cikin ɗari na bishiyoyin da ke tsaye a duniya da wannan gidan suke zaune.

Daga ina gida na biyu ya fito?

Nan ne abin ya fi ƙayatar da ni. Kiransa gida ma ara ne, domin ba kakansu ɗaya ba. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna wannan salon rayuwa ya ɓullo sau kusan 80, kowanne daban, a zuriyoyin da ba su da kusanci. Kakanninsu masu cin ruɓaɓɓen itace da busasshen ganye ne, ɗauke da sinadaran da ke narkar da bangon ƙwayar tsiro. Wanda ke da irin wannan makami ba zai zauna lafiya a saiwa mai rai ba, don tsiron zai ɗauke shi maƙiyi. Da aka karanta ƙwayoyin gadon Laccaria bicolor, wata laimar kwaɗi ta wannan gidan, a 2008, sai aka tarar ta zubar da mafi yawan waɗannan sinadarai. Aka duba wasu zuriyoyin, aka ga su ma haka suka yi, kowace a lokacinta. Wato hanyar shiga wannan zama ta bi ta rashi ne. Bayan haka kowace zuriya ta ƙirƙiro nata ƙananan furotin da take lallashin garkuwar tsiron da su, kuma na wannan ba su kama da na waccan.

To me ya sa tsohon gidan bai yawaita haka ba?

Bai cika zaɓen aboki ba. Nau'i ɗaya kan zauna da ciyawa da hatsi da bishiya, har a nahiyoyi daban-daban, saboda haka dalilin rarrabuwa ya yi ƙaranci. Shi ma ya yi nasa rashin: ba ya iya haɗa kitsen da jikinsa ke buƙata, sai tsiro ya ba shi. Idan babu saiwa mai rai, ba ya kammala rayuwarsa.

Akwai tsirran da suka kauce wa wannan tsari?

Akwai. Dangin kabeji sun yi sallama da fumfunar, har ƙwayoyin gadon karɓarta sun ɓace musu. Furannin okid kuwa sun juya cinikin: irinsu ƙanana ne kamar ƙura, babu guzurin abinci a ciki, ba sa tsirowa sai fumfuna ta ciyar da su. Wasu daga cikinsu ba sa yin koren ganye har abada, suna karɓa daga fumfunar ba tare da sun biya ta komai ba.