Yaro mai ciwon daji, waya da sirrin jinya: abin da doka ta ce

Idan likita ya ce ciwon dajin da ke jikin yaro ya yi nisa, ba a nan jinya take tsayawa ba. Akwai kulawar sassauci: a rage raɗaɗi, a tsayar da amai, a samu barci, a kuma lallashi zuciyar yaron da ta iyayensa. Ana ma iya fara ta tun ranar da aka gano ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa damuwar zuciya da buƙatar addini a cikinta tare da ciwon jiki, a 2014 ƙasashe suka amince su shigar da ita tsarin lafiyarsu, Najeriya kuma ta fitar da nata tsarin a 2021. Don haka uban da ya nemi a bar malami ko fasto ya yi magana da ɗansa ba tsirfa ya kawo asibiti ba.

A Kebbi yanzu irin wannan tallafi kan iso ta waya. Yaro ɗan Zuru ko Yauri yana kwance a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko an tura shi Sakkwato a yi masa gashi, wato ƙona ƙwayoyin dajin da hasken na'ura. Malaminsa na Islamiyya ya turo saƙon murya da addu'a, uwar ta kara masa wayar a kunne saboda hannun yana ɗauke da ƙarin ruwa. 'Yan ajinsu su kira ta bidiyo. Wata ƙungiya ta saka iyayen a zauren WhatsApp na masu jinya irin tasu. Duk alheri ne. Sai dai a kowane saƙo akwai sunan yaro, da fuskarsa, da ciwonsa, kuma dokoki biyu sun yi magana a kan wannan.

Ta farko ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 26 ya ce duk bayanin da ya shafi majinyaci sirri ne: ciwonsa, maganin da ake ba shi, har zamansa a asibiti. Ba a fitar da shi sai da izinin mai shi a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko idan ɓoyewar barazana ce ga lafiyar jama'a. Idan ƙaramin yaro ne, maganar tana hannun iyaye ko mariƙinsa. Abin lura, sashen cewa ya yi babu wanda zai fitar, bai ware likita shi kaɗai ba. Nas ɗin da ta ɗauki hoton yaro ta tura wa ƙawayenta da "ku taya shi da addu'a" ta taka doka, ko da tausayi ne ya sa ta. Sashe na 29 kuma ya sa kwafar fayil ɗin majinyaci ba izini cikin laifuffukan da hukuncinsu kan kai ɗaurin shekara 2.

Ta biyu ita ce Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya (NDPC) ke aiwatarwa. Ta ware wasu bayanai a matsayin masu tsananin tsaro, kuma lafiyar mutum da addininsa duk suna ciki. Ka ga manhajar da ke haɗa yaro marar lafiya da mai yi masa nasiha ta riƙe biyun a lokaci guda. Dokar ta ce kafin kamfani ko gidauniya ta tattara bayanin wanda bai kai shekara 18 ba, sai da yardar iyaye ko mariƙi. An sassauta wa ƙwararren da ke kula da lafiyar yaron kuma aikinsa ya ɗora masa riƙon sirri, don kada jinya ta tsaya jiran takarda. Yardar ma ba ta har abada ba ce: uba na iya janye ta, ya ce a goge. Tarar ƙaramar ƙungiya na iya kai naira miliyan 2, babba kuma miliyan 10, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekara idan shi ya fi yawa.

Wannan doka ba ta bin abin da mutum ya yi don amfanin gidansa kawai. Gwaggon da ta tura wa dangi hoto a zauren iyali ba kamfani ba ce.

Inda abin ya fi damuna shi ne bidiyon neman taimako. Kuɗin magani ya cinye gona da bisashe, sai wani mai dubban mabiya a TikTok ko Facebook ya zo, a yaye mayafi a nuna kumburin, a sa yaro ya ce "ku taimaka mini don Allah", a rubuta lambar asusu a ƙasa. A takarda uba ya yarda. Amma doka tana son yardar da aka bayar da son rai bayan an fahimci abin da za a yi da bayanin, kuma mutumin da aka miƙa wa takardar magani ta dubban ɗaruruwan naira ba ya cikin halin yin ciniki. Yarinya 'yar shekara 15 kuwa ta san kunya sarai, tana da waya, za ta karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin hotonta, har da masu yi mata ta'aziyya tana raye. Doka ta ba uba sa hannu, amma ni a ganina a tambaye ta tukuna. Ana iya neman taimako da takardar asibiti da aka rufe suna, ba sai da fuska ba.

Sai maganar gaya wa yaro gaskiya. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majinyaci halin da yake ciki, hanyoyin magani, haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙin karɓa, cikin harshen da yake ji. Ya bar ƙofa ɗaya: idan akwai hujja mai ƙarfi cewa faɗar za ta cutar da shi. Mu a nan "da sauƙi" muka saba, ko da babu sauƙin. Matsalar ita ce yaron da aka ɓoye wa yakan tsinci labarin a wayar uwarsa, daga saƙon wani da ke cewa a yi haƙuri. Shi ya sa ya kamata likita, iyaye da malamin da ke kiran yaron su daidaita bakinsu kan me za a faɗa, kuma wa zai faɗa. Malamin kuma ya tsaya a addu'a da nasiha, kada ya ce a ajiye maganin raɗaɗi.

Wanda aka fitar da sirrin ɗansa ya fara da kai ƙara a rubuce ga hukumar asibitin. Idan likita ne ko nas, akwai hukumomin da ke ba su lasisi. Idan gidauniya ce ko manhaja, a rubuta mata a janye yarda, in ta ƙi a kai ta NDPC. A ɗauki hoton saƙon da ranar da aka sa shi kafin a goge, don shi ne shaida.