Tarihin siyasa da tattalin arzikin Kanada a zamanin nan

Kanada ƙasa ce a arewacin nahiyar Amurka, ita ce ta biyu a faɗin ƙasa a duniya bayan Rasha, amma mutanenta ba su da yawa, sai a 2023 ma suka haura miliyan 40, kuma mafi yawansu a kudu suke zaune kusa da iyakar Amurka don arewar sanyi ya yi yawa. Babban birninta Otawa, harsunan gwamnati biyu ne, Ingilishi da Faransanci. Allah ya hore mata arziki sosai, fatu da katako da kifi da alkama da ma'adinai, daga baya ga man fetur, sai dai kusan kullum babban mai sayen kayan nata ɗaya ne, da can Birtaniya, yanzu Amurka, kuma rabin rigimar siyasarta daga nan take tasowa.

Kafuwar tarayya

A ranar 1 ga Yuli 1867 aka haɗa larduna huɗu, Ontariyo da Kyubek da Nova Scotia da New Brunswick, suka zama tarayya ɗaya a ƙarƙashin sarautar Birtaniya, John A. Macdonald ya zama firaminista na farko. Tsoro na cikin abin da ya haɗa su, don a lokacin Amurka ta gama yaƙin basasa tana da soji jingim, ana fargabar za ta haɗiye yankunan ɗaya bayan ɗaya. A 1870 aka karɓi makeken yankin yamma da arewa daga hannun kamfanin Hudson's Bay a kan fam 300,000, ba tare da an tambayi mutanen da ke zaune a wurin ba, British Columbia ta shigo a 1871 bisa alkawarin za a kai mata layin dogo, Alberta da Saskatchewan a 1905, Newfoundland kuwa sai 1949.

Dabarar Macdonald ita ce a sa kuɗin fito mai tsada a kan kayan waje, abin da ya fara a 1879, a shimfiɗa dogo daga gabas zuwa yamma, a cika yamma da manoma, don ciniki ya riƙa gudana a cikin ƙasa maimakon ya gangara kudu. An kammala dogon a Nuwamba 1885. Leburori 'yan China kimanin 15,000 ne suka yi aikin mafi haɗari a cikin duwatsu, da yawa sun mutu, amma a shekarar da aka gama sai aka sa wa duk ɗan China mai son shigowa harajin dala 50, a 1903 aka mai da shi 500. A wannan watan na Nuwamba kuma aka rataye Louis Riel, jagoran mutanen Metis, jikokin auratayyar Turawa da 'yan asalin ƙasa, da suka yi tawaye a kan filayensu, abin ya ƙona wa masu jin Faransanci rai ƙwarai don Riel ɗan Katolika ne mai harshensu.

Manoman yamma ba su taɓa son tsarin kuɗin fiton nan ba, kuma suna da gaskiya, don su alkamarsu a farashin kasuwar duniya suke sayarwa, amma garma da sauran kayan aiki dole su saya da tsada daga masana'antun Ontariyo. Duk da haka zamanin Wilfrid Laurier, 1896 zuwa 1911, mutane sun yi ta kwarara daga Yukren da Jamus da Birtaniya da Amurka, ana ba mutum gona eka 160 a kan dala 10 kacal in dai zai zauna ya noma.

'Yan asalin ƙasa

Filayen nan da ake rabawa suna da masu su. Dokar 1876 ta sa rayuwar 'yan asalin ƙasa gaba ɗaya a hannun gwamnati, aka killace su a ƙananan yankuna, aka hana wasu bukukuwansu. Mafi muni shi ne makarantun kwana da gwamnati ke biya coci-coci na gudanarwa, ana ɗauke yaro daga iyayensa da ƙarfi, a aske masa kai, a canza masa suna wani lokaci lamba kawai ake kiransa da ita, in ya yi magana da harshen uwarsa a doke shi. Yara kimanin 150,000 ne suka bi ta cikinsu, dubbai ba su koma gida ba, tarin fuka da yunwa da rashin kula sun kashe su, kuma ta ƙarshe ba a rufe ta ba sai cikin shekarun 1990. Gwamnati ta nemi gafara a 2008, hukumar bincike ta fitar da rahoto a 2015 ta kira abin kisan kiyashi ga al'ada. Har yau rikicin fili da bututun mai da ruwan sha a ƙauyukansu bai ƙare ba, ko da yake a 1999 an kafa yankin Nunavut inda Inuit, 'yan asalin can arewa, su ne masu rinjaye.

Yaƙe-yaƙe da karayar arziki

'Yancin Kanada a hankali ya zo, ba rana ɗaya ba. A 1914 Birtaniya na shiga yaƙi ita ma ta shiga kai tsaye, ta rasa mutum sama da 60,000, kuma tilasta shiga soja a 1917 ya raba ƙasar biyu, don 'yan Kyubek ba su ga dalilin mutuwa saboda daular Ingila ba. Dokar Westminster ta 1931 ta ba ta ikon kanta a harkokin waje, shi ya sa a 1939 majalisarta ce ta zauna ta ayyana yaƙi da kanta, mako guda bayan Birtaniya.

Tsakanin yaƙoƙin biyu an sha wuya. Farashin alkama ya faɗi, fari ya cinye gonakin yamma shekara da shekaru, a 1933 sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba su da aikin yi. Daga wannan wahalar jam'iyyar manoma da 'yan ƙwadago ta CCF ta fito, ta ci Saskatchewan a 1944 ƙarƙashin Tommy Douglas, ta fara inshorar asibiti a 1947. Da aka zo faɗaɗa ta zuwa ganin likita a 1962 likitocin lardin suka tafi yajin aiki na kwana 23, gwamnati ta ɗauko wasu daga Birtaniya, a ƙarshe aka daidaita, kuma a 1966 tarayya ta yi doka tsarin ya bazu ko'ina. Wannan inshora ita ce abin da talakan Kanada ya fi alfahari da shi, duk da ana kuka da dogon layi.

Bayan yaƙi arziki ya buɗe, aka tono mai a Leduc ta Alberta a 1947, jarin Amurka ya yi ta shigowa, yarjejeniyar motoci ta 1965 ta haɗe masana'antun Ontariyo da na Detroit. A shekarar ne kuma aka ɗaga sabuwar tuta mai ganye ja, zamanin Lester Pearson.

Batun Kyubek

Kafin 1960 coci ne ke riƙe da makarantu da asibitocin Kyubek, manyan kamfanonin Montreal kuma na masu Ingilishi ne, mai Faransanci a garinsa amma sai ya yi Turanci kafin ya samu ƙarin girma. Gwamnatin lardin ta Jean Lesage ta karɓi ilimi da wutar lantarki, daga nan kishin ɓallewa ya taso. A Oktoba 1970 'yan bindigar FLQ, ƙungiyar masu neman ɓallewar Kyubek, suka sace jami'in diflomasiyyar Birtaniya James Cross da minista Pierre Laporte, suka kashe Laporte, firaminista Pierre Trudeau ya fito da soji kan titi aka kama ɗaruruwa ba tuhuma. Jam'iyyar René Lévesque mai neman ɓallewa ta ci lardin a 1976, ta yi dokar fifita Faransanci a 1977, amma ta faɗi ƙuri'ar raba-gardama a kan ɓallewa a 1980, kashi 60 suka ce a'a. Trudeau ya dawo da kundin tsarin mulki gida daga Landan a 1982 tare da kundin haƙƙoƙin jama'a, sai dai gwamnatin Kyubek ba ta sa hannu ba, har yau ma ba ta sa ba. Ƙoƙarin gyara a 1990 da 1992 duk ya rushe, shi ne aka sake ƙuri'a a 1995, masu a'a suka samu kashi 50.6, masu e 49.4, saura ƙiris ƙasar ta rabu.

Ciniki da Amurka da rigimar mai

Trudeau ya taɓa faɗa wa Amurkawa a 1969 cewa zama kusa da su kamar kwana ne da giwa, ko motsi ta yi sai ka ji a jikinka. Shi ya so rage dogaro, a 1980 ya kawo tsarin makamashi da ya danne farashin mai ya ƙara wa tarayya kaso, Alberta ta ɗauke shi a matsayin fashi da rana tsaka kuma wannan haushin bai huce ba. Brian Mulroney ya juya akalar, ya ci zaɓen 1988 a kan ciniki ba shinge da Amurka, ya fara aiki a 1989, aka shigo da Meksiko a 1994. Mulroney ya kuma kawo harajin saye a 1991, jama'a suka tsane shi, a zaɓen 1993 jam'iyyarsa kujera biyu tak ta tsira da ita.

A Yuli 1992 ne ministan kamun kifi John Crosbie ya sanar a St. John's, babban birnin Newfoundland, cewa an hana kamun kifin kod, yana cikin magana masunta na dukan ƙofar ɗakin suna son shiga, kifin da aka yi kusan shekara 500 ana ci manyan jirage sun ƙarar da shi, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a, ƙauyuka suka watse, da yawa daga cikin samarin suka ƙare a filayen mai na Alberta.

Jean Chrétien ya tsuke kashe kuɗi a 1995 ya daidaita kasafi, ya kuma ƙi shiga yaƙin Iraƙi a 2003. Stephen Harper ya yi mulki 2006 zuwa 2015, Justin Trudeau ya gaje shi, wanda duk da maganar sauyin yanayi gwamnatinsa ta sayi bututun Trans Mountain a 2018 don mai ya isa teku ya samu wata kasuwar. Wajen kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke fitarwa Amurka suke zuwa, shi ya sa da Donald Trump ya ƙaƙaba haraji a 2025 yana cewa wai Kanada ta zama jihar Amurka ta 51, siyasa ta birkice, Mark Carney tsohon gwamnan babban banki ya karɓi ragama a Maris ya kuma ci zaɓen Afrilu, alhali watanni kaɗan kafin nan kowa ya gama cewa jam'iyyarsa ta Liberal ta faɗi.

Baƙi

A 1967 aka koma tsarin maki, ana duba ilimi da sana'a da harshe maimakon launin fata, kuma a ƙidayar 2021 kashi 23 na jama'a a waje aka haife su, Indiya da Filifin da China kan gaba, Najeriya ma ta shigo sahun ƙasashen da aka fi zuwa daga cikinsu a 'yan shekarun nan. Amma gidaje ba su ƙaru daidai da mutane ba, kuɗin haya a Toronto da Vancouver ya fi ƙarfin ma'aikaci, ɗalibai baƙi na biyan kuɗin makaranta ninkin ba ninkin na 'yan ƙasa. A 2024 gwamnati ta sa iyaka a kan bizar karatu, ta ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna a asusu daga dala 10,000 zuwa 20,635, ta kuma rage adadin masu samun zaman dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000.